Likita ya ƙi rubuta mana insulin na ajiya, ku ba ni shawara

Maman Hafsa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, raina ne a dagule.

'Yata shekararta 11, tun tana 'yar shekara 6 aka gano tana da ciwon suga nau'i na ɗaya. Mun daɗe a kan allura, Lantus (insulin mai dogon aiki) da dare, NovoRapid (mai saurin aiki) kafin cin abinci. Wahalar da muka sha Allah kaɗai ya sani. Da asuba suga ya hau ba gaira ba dalili, in an ƙara mata Lantus kuma ya faɗi cikin dare, ni da barci muka raba gari. Tsohuwar likitarmu, mace mai kirki, ita ta dage sai an sa mata famfon insulin, wato ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a jiki tana tura insulin a kai a kai. Babanta da farko bai yarda ba, yana cewa yaya za a maƙala wa yarinya na'ura dare da rana, kakarta ma ta goya masa baya, sai da likitar ta zaunar da su ta yi musu bayani. Sannan aka shiga kai-kawo da inshora, takarda ta tafi ta dawo, har na fid da rai. Tun da aka sa shi dai Alhamdulillah, yarinya ta samu barci, ta murmure, har karatunta ya gyaru. Sai aka yi wa likitar canjin wurin aiki, aka haɗa mu da wani.

Makon jiya da tsakar dare famfon ya yi ta ƙara yana nuna toshewa. Na auna suga, 320. Na cire kanular, wato ɗan siririn bututun da ke shiga ƙarƙashin fata, na same ta a lanƙwashe kamar an naɗe bakinta, na sa wata, kuma ita ce ta ƙarshe a gidan. Suga ya sauka. Amma tun daren nake tunanin da na'urar ce kanta ta mutu, me zan yi? Ranar da aka sa famfo aka cire Lantus daga takardar maganinta.

Na roƙi sabon likitan ya rubuta mana na ajiya, ya ce babu buƙata, kamfani zai canza na'ura idan ta lalace, in abu ya faru mu zo sashen gaggawa. Ku yaya kuka yi likitocinku suka rubuta muku? Ba na son ya ga kamar na raina saninsa.

Hajiya Binta:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, 'yata. Ai ke kin gode Allah ma da ya saurare ki. Ni jikana an rubuta masa sensa, abin auna suga da ake maƙalawa a jiki, ta kwana 14, in ta ɓalle a kwana na uku sai dai mu zauna, inshora sun ce biyu ce a wata ko sama za ta faɗo. Na kira su har muryata ta dushe.

Baban Amir:
Maman Hafsa, bari in faɗa miki gaskiya ba kwana-kwana, likitan nan bai kyauta ba. Na daɗe da famfo a jikina, na kuma kwanta asibiti a kan irin wannan. Famfo insulin mai saurin aiki kaɗai yake bayarwa, ɗigo-ɗigo. Babu wani mai dogon aiki da ke zaune a jikinta. Idan ya tsaya, wanda ya riga ya shiga zai ƙare cikin kamar awa huɗu, daga nan jiki ya koma ƙona kitse, kiton, wato sinadarin da ƙona kitsen ke haifarwa, ya taru, jini ya yi tsami. Shi ne DKA, kuma mai famfo ya fi mai allura saurin faɗawa cikinsa, a dare guda ma yana iya faruwa. Kamfani zai aiko da sabuwar na'ura, na yarda, garantin ma yawanci na shekara huɗu ne. Amma tsakanin kiran waya da isowar kaya me yarinya za ta yi? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ki koma ki ce ya rubuta biron insulin (allurar nan mai kama da biro) mai dogon aiki, da biro ko sirinji na mai saurin aiki, da kawunan allura, da tsinken gwajin kiton, da glukagon, maganin gaggawa na ɗaga suga idan ya faɗi sosai. Ya kuma rubuta a takarda yunit nawa za a ba ta idan famfo ya mutu. In ya ƙi, ki canza likita. Shi ke nan.

Maman Hafsa:
Na gode Baban Amir. Amma maganar canza likita ba ta taso ba. Mutum ne mai haƙuri, Hafsa ta saba da shi, kuma shi ya gyara mata saitin dare har ya daidaita. Kafin a samu wani likitan yara da ya san famfo ai sai an yi dogon jira.

Baban Amir:
Haƙurinsa ba zai sauke kiton da ƙarfe uku na dare ba, 'yar uwa.

Malam Kabiru:
Ni dai ina ganin likitan yana da hujja, kada mu yi masa taron dangi. Kwalin biro guda biyar ne, kowanne yunit 300. Za ki ajiye a firji su lalace ba ki taɓa ko ɗaya ba, shekara ta zagayo a sake rubuta wani. Ni ba na ajiye mai dogon aiki ko kaɗan. Kwalbar da nake cika famfo da ita tana nan, sirinji yana nan. Idan na'ura ta tsaya, ina yin allurar mai saurin aiki duk bayan awa uku zuwa huɗu har sabuwa ta iso. Na yi haka, ban ga komai ba. Abin da ya kamata ki tambaya shi ne sirinji, kina da shi a gida?

Baban Amir:
Malam Kabiru, kai babba ne, kana iya sa ƙararrawa ka tashi ka soka wa kanka. Yarinya 'yar shekara 11 za a riƙa tasa duk bayan awa uku, dare biyu ko uku a jere? Uwar ta makara sau ɗaya fa? Kuma biron da ba a buɗe ba, in yana firji, yana nan daram har ranar da aka buga a jikinsa. Wanda aka buɗe ne kwanansa 28 idan Lantus ne. Asarar biro ɗaya da kwana a ɗakin kulawa ta musamman, wanne ya fi tsada ga inshorar ma?

Nura:
Anti, ni dabarata daban ce. Kanular da aka ce kwana uku nakan bar ta ta yi huɗu, wani lokaci biyar. Cikin 'yan watanni na tara cikakken kwali na ajiya, ban roƙi kowa ba.

Sista Rabi:
Nura, don Allah kada ka ba uwar yarinya wannan shawarar. Na yi aikin jinya a ɓangaren masu suga, na ga wuraren da aka bar kanula ta wuce ƙa'ida: wurin ya yi ja, ya yi zafi, wani har ya tara mugunya. Ko bai kai haka ba, insulin ba ya shiga jiki yadda ya kamata daga wurin da ya gaji, fata ta yi ƙulli, suga ya riƙa hawa kana zargin abinci.

Maman Hafsa, abin da ban gani a rubutunki ba: kin san jimillar insulin na tushe, wato wanda ba na abinci ba, da famfon ke ba ta a awa 24? Kin san ma'aunin insulin na abincinta da kuma na gyaran suga idan ya hau? Suna rubuce a takarda? Domin idan na'ura ta mutu, da saitinta take mutuwa, allon ba zai kunnu ba balle ki duba. Sannan daren da kika ga 320, kin auna kiton? Ƙa'idar da muke koya wa masu famfo ita ce, idan suga ya haura 14 ba dalili a auna kiton, in akwai shi a yi gyara da allura, ba da famfo ba, sannan a canza kanula da tiyo gaba ɗaya.

Maman Hafsa:
Sista, 14 kuma? Ai ko lokacin da ya faɗi mata sosai bai kai nan ba.

Sista Rabi:
Ma'auninmu ne ya bambanta, ƙanwata. 14 a namu shi ne kamar 250 a naku.

Maman Hafsa:
To. Kiton dai ban auna ba, tunda cikin awa biyu ya fara sauka, kuma ba ta yi amai ba, ba ta ce cikinta na ciwo ba. Na san 'yata, da wani abu ne da na gani a fuskarta. Famfon nata irin mai sarrafa kansa ne da sensa, kullum adadin canzawa yake yi, shi ya sa ban riƙe lamba ba. Likita ne ke da duk wannan a kwamfutarsa.

Baban Amir:
To kin gani? Wannan ma ƙarin hujja ce a hannunki. Tunda adadin yana canzawa, ba ke za ki yi lissafi da daddare hannu na rawa ba, shi zai zauna ya fitar da lamba ya sa hannu. Kuma kada ki sake roƙonsa da baki a ƙarshen ganawa yana rufe fayil. Ki rubuta. Ki ce ranar kaza kanula ta toshe, suga ya kai kaza, babu insulin mai dogon aiki a gida, ina neman rubutaccen tsarin abin da zan yi idan famfo ya tsaya. Kada ki ce kina neman ƙari, da sun ji kalmar ƙari sai su ɗauka tara kaya kike son yi. Tsari za ki nema. Ba likitan da zai iya rubuta tsarin ba tare da ya rubuta maganin da ke cikinsa ba. In ya ƙi, ki ce ya sa a fayil cewa kin nema ya ƙi.

Batun kanula kuma, ki ce ya rubuta canji duk bayan kwana biyu. Sha biyar ke nan a wata maimakon goma. Masu ƙera su ma kwana biyu zuwa uku suka ce, ta ƙarfe kuwa kwana biyu ne. Haka insulin, su lissafin abin da ke shiga jiki suke yi, sun manta da wanda ke tafiya wajen cika tiyo da wanda ke saura a tanki.

Maman Hafsa:
Ni gaskiya ba zan iya cewa a rubuta kwana biyu alhali uku muke yi ba. Kuma in ce ya sa a fayil ya ƙi, ai kamar barazana ce. Da wane ido zan sake kallonsa?

Baban Amir:
Wace ƙarya ke ciki? Yarinya mai guje-guje da zufa, sau nawa filastar ke ɓallewa kafin lokaci? Ki ƙirga na wata uku ki gani.

Ummi:
Anti, ni da kin ji tawa da kin mayar da ita kan allura kin huta. Ƙanina ya yi shekara da famfo, kullum cikin fargaba, ga ƙaiƙayin filasta, ga ƙara cikin aji yara na kallonsa. Ya cire ya koma allurar Tresiba mai dogon aiki, yanzu lafiya lau. Ko na ajiyar ma Tresiba ya kamata ki nema, in an buɗe yana kai kwana 56.

Maman Hafsa:
Ummi, ba ki ga halin da muke ciki kafin famfon nan ba. Komawa baya kam a'a.

Baban Amir:
Tresiba magani ne mai kyau, amma ba na cike gurbin kwana ɗaya ba. Aikinsa ya wuce awa 42. Sabuwar na'ura ta iso gobe, ki maƙala mata, ga shi yana nan yana aiki a jiki, tushe ya zama biyu, suga ya faɗi. Lantus kusan awa 24 ne, ya fi sauƙin lissafin komawa. Shi ma komawar dole ta shiga cikin takardar.

Hajiya Binta:
'Yata, ina da biron Toujeo, shi ma mai dogon aiki, guda biyu na maigidana da aka canza masa magani, ba a buɗe ba. In kina so ki yi min magana. Ni abin da ke ci min rai, su masu inshorar nan ko sun taɓa ganin yaro cikin wannan hali? Wanda ya ɗauki wayata ma bai san mece ce sensa ba.

Sista Rabi:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, amma kada a yi haka. Toujeo yunit 300 ne a kowane mililita, ninki uku na wanda aka saba. Wani cikin ruɗewa ya zuƙe shi da sirinji ya auna kamar na kullum, an yi kisa. Kuma har yanzu ba mu san yunit nawa yarinyar ke buƙata ba. Maman Hafsa, ki bi ta wajen nas ɗin masu suga ta asibitinku, sau da yawa su ke shirya takardar likita ya sa hannu kawai. Yau ɗin nan kuma ki shiga tarihin famfon ki kwafe lambobin makon nan a takarda.

Malam Kabiru:
Har yanzu fa ba ta ce tana da sirinji ko ba ta da shi ba.

Maman Hafsa:
Akwai wasu tun na da, sai na duba inda suke. Na kira asibitin ɗazu, mai karɓar waya ta ce sai ranar ganawarmu, kuma da saura sosai. Na bar saƙo ga nas. Wasiƙar dai zan dakata tukuna, babanta ma ya ce kada mu ɓata da likita a kan abin da bai faru ba, kuma kayan wannan watan sun iso, muna da kanula yanzu. Sista, tsinken kiton ɗin na fitsari zan ce a rubuta ko na jini? Akwai wani gwangwani na fitsari da muka buɗe bara, ban sani ba ko yana aiki har yanzu.