Jama'a na kukan 'yan majalisa, amma me ya sa ba a iya tuɓe su?

Mai_Tambaya:
Assalamu alaikum. Kusan duk ƙuri'ar jin ra'ayin da aka fitar, ko a wace ƙasa ce, sai ka ga jama'a sun gaji da majalisar dokoki. Amma zaɓe na zuwa sai fuskokin nan dai su sake dawowa. Alƙaluman ne ba gaskiya ba, ko kuwa? Sannan kiranyen nan da ake faɗa, wato jama'a su tuɓe wakilinsu kafin wa'adinsa ya ƙare, yana aiki?

Malam_Ƙididdiga:
Wa alaikumus salam. Fara duba yadda aka yi tambayar. "Ka gamsu da aikin majalisa?" daban take da "Ka gamsu da wakilin mazaɓarka?" A Nuwamban 2013 kamfanin Gallup ya gano kashi 9 cikin ɗari kacal na Amurkawa suka gamsu da majalisarsu, amma a zaɓen 2014 sama da kashi 90 na 'yan majalisar wakilan da suka tsaya suka koma. Masanin siyasa Richard Fenno ya daɗe da lura da haka: mutum zai zagi majalisa dungurungum, ya ware nasa wakilin don ya san shi, ko ya taɓa yi masa wani abu.

Sai yawan waɗanda aka tambaya. Idan mutum 1,000 ne aka zaɓo ba tare da son rai ba, galibi kuskuren ba ya wuce kimanin kashi 3 sama ko ƙasa. Saboda haka in an ce farin jinin gwamnati ya sauka daga 41 zuwa 39, ba a ce komai ba tukuna. Ƙuri'ar jin ra'ayin da ake yi ta waya kuwa takan tsallake marasa waya. Ta Facebook ma ba a maganarta, wanda ransa ya ɓaci ne ya fi saurin dannawa.

Hajiya_Lauya:
Malam ya yi bayani. Batun kiranye kuma, ɗan'uwa, kowace ƙasa da nata. A Amurka babu hanyar yi wa ɗan majalisar tarayya kiranye sam. A Birtaniya dokar 2015 ta ce kashi 10 na masu rajista sun isa, cikin makonni shida, amma jama'a ba su da ikon farawa da kansu: sai an yanke wa ɗan majalisa hukuncin ɗauri, ko an same shi da ƙarya a lissafin alawus, ko majalisa ta dakatar da shi aƙalla kwanakin zama 10.

A Najeriya sashe na 69 na kundin tsarin mulkin 1999 ne. Sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar "masu rajista". Rajistar na ɗauke da waɗanda suka rasu da waɗanda suka ƙaura, ga shi a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ko kashi 30 ba su fito ba. Ke nan ana neman sa hannun da ya zarce duk waɗanda suka yi layi ranar zaɓe. Ranar tantancewa kuma dole mai sa hannun ya zo da katinsa. A nan yunƙurin kiranyen Dino Melaye, sanatan Kogi ta Yamma a lokacin, ya wargaje a Afrilun 2018, sa hannun kusan kashi 5 na masu rajista kawai aka tabbatar.

Ɗan_Mazaɓa:
Gyara kaɗan ga mai tambaya: ba ko'ina suke dawowa ba. A Najeriya mafi yawan 'yan majalisar wakilai ba su koma ba a 2023. Sai dai da yawansu tun a zaɓen fid da gwani aka kayar da su, inda a lokacin daliget da gwamna ke da ta cewa, ba mai ƙuri'a ba. Fuska ta canza, mai riƙe da akalar yana nan. Duk mai son fushinsa ya yi tasiri ya yanki katin jam'iyya tun daga gunduma, ya halarci taron zaɓen shugabanninta.