Injin samfefa mai faifai: na inci 5 zan saya ko na inci 6?

Sabo Kafinta:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena masu sana'ar katako. Shawara nake nema kafin in kashe kuɗin da na daɗe ina tarawa.

Shekarata uku da samun 'yanci daga hannun maigidana, ina da ɗan shago a Kano, ni da yara biyu. Har yau da hannu muke goge aiki, a naɗe samfefa a guntun katako a yi ta dirza. In aiki ya yi yawa sai in ɗaura faifan samfefa a giranda. Watan jiya na yi wa wata hajiya teburin cin abinci na madaci, na goge da giranda, ido bai ga komai ba. Ina shafa banish sai ga zobba-zobba sun fito a saman teburin, ga wani gefe ya yi kwari. Kwana biyu muka yi muna kankarewa da hannu. Hajiya ba ta ce komai ba, amma ni na ji kunya ƙwarai.

Na ga injin nan mai zagayayyen faifai da masu shago ke kira obital, an ce ba ya barin irin wannan zane. A Sabon Gari na ga mai faifan inci 5 da mai inci 6, wani yana da abin rage gudu wani babu, akwai kuma na batir. Wani ya yi mini tayin wanda aka taɓa amfani da shi da aka kawo daga Amurka, da sauƙin kuɗi. Yawancin aikina gado, wadirof, tebur da ƙofofi ne. Wanne ya kamace ni?

Baba Na'ibawa:

Wa alaikumus salam ɗana. Abin da ya same ka da teburin nan ya samu kusan kowa a cikinmu. Giranda tana juyawa kusan sau 11,000 a minti, kuma hanya ɗaya take bi, kowace ƙwayar yashin samfefar tana maimaita da'irar da ta zana. Don ƙarfe aka yi ta. Shi wannan injin motsi biyu yake yi lokaci guda: faifan yana juyawa, kuma yana ɗan karkaɗawa a kan ƙaramar da'ira ta milimita 2 zuwa 3. Saboda haka ƙwayar yashi ba ta sake bin sawunta, zanen sai ya watse ya ɓace a jikin katako.

Ka sayi na inci 5, wato milimita 125. Na inci 6 ya fi sauri a kan faffaɗan tebur, gaskiya ne, amma ya fi nauyi, ga tsada, kuma ba ya jin daɗin ƙafar kujera ko firam ɗin ƙofa. Babban dalili ma shi ne samfefarsa. Ta inci 5 mai huda 8 za ka samu a kusan duk shagon kayan aiki, ta inci 6 sai ka sha yawo. Kafin ka biya kuɗin inji ka ce wa mai shago ya nuna maka samfefar lamba 80, 120, 180 da 220 da za su hau shi (ƙaramar lamba ta fi kaushi, babba ta fi laushi). In ya fara cewa za a kawo mako mai zuwa, ka yi gaba.

Amma ka ji wannan da kyau, don shi ne ya fi sunan kamfani muhimmanci. Injin nan ma yana barin zane in aka yi masa hannun giranda. Zanensa ƙanana ne, murɗaɗɗu kamar an zana da bakin allura, kuma su ma sai an shafa banish suke fitowa. Dannawa ce ke jawo su. Da ka danna, faifan ya daina juyawa, saura karkaɗawa kawai. Ka ɗora hannunka kawai, nauyin injin ya isa. Ka tafi a hankali, kamar inci ɗaya a daƙiƙa. Yara za su ga kamar ba a aiki, su so su yi ta kai da komowa kamar masu guga. Ka hana su. Kada kuma ka karkata shi ka ci da gefen faifai don cire wani tabo, a nan ake yin kwari.

Ni abin da nake yi, ina zazzana fensir a duk saman katakon, sama-sama. Idan fensir ya ɓace ko'ina, wannan lambar ta gama aikinta, sai in share ƙura in sake zane in hau ta gaba. Kada ka tsallake daga 80 zuwa 220, ta 220 ba za ta iya goge ramin da ta 80 ta bari ba. A ƙarshe ka ɗauki samfefar lambar ƙarshe ka bi tsawon jijiyar katakon da hannu, sau biyu uku, ka haska fitilar waya daga gefe ka duba kafin ka buɗe gwangwanin banish.

Injiniya Panteka:

Baba ya gama magana a kan aiki, Allah ya ƙara girma. Ni mai gyara ne a Kaduna, bari in faɗi abin da ke zuwa teburina.

Malam Sabo, na Amurkan nan ka juya shi ka karanta ɗan allon da ke jikinsa. In ka ga 120V, wutar can ce, tamu 220 zuwa 240 ce. Ka soka shi kai tsaye zai yi ihu na ɗan lokaci, hayaƙi ya biyo baya. Sai da taransifoma mai rage wuta, kuma rana ɗaya yaro zai manta. In ka haɗa kuɗin taransifomar, arhar ta tafi.

Na batir ka bar shi tukuna. Goge katako aiki ne na awa da awanni ba tsayawa, batir ɗaya ba zai kai ka ba, sai biyu da caja. Na waya kuwa wat 250 zuwa 300 yake ci, ƙaramin janareta ma yana ɗaukarsa. Waɗanda na sani da kyau: Makita BO5031 wat 300 ne, gudunsa daga 4,000 zuwa 12,000 a minti, Bosch GEX 125-1 AE wat 250, DeWalt DWE6423 wat 280, shi kuma akwai na wutar Amurka akwai na tamu, sai ka duba. Ingco da Total suna da nasu masu sauƙin kuɗi. Sai dai jabu masu ɗauke da manyan sunaye sun yi yawa a kasuwa, ka je da wanda ya san kaya.

Ka sa a kunna maka a shago, ka riƙe shi minti ɗaya cur. In tafin hannunka ya fara ƙaiƙayi, ka tuna yini za ka yi da shi. Abubuwa uku ke mutuwa a jikinsa: kabon, boris da faifan kansa, wanda ƙayoyinsa ke cinyewa har samfefa ta riƙa tashi sama. Ka tambaya ko ana samun faifan daban. Akwai kuma wata roba a ƙarƙashi da ke taka wa faifan birki. In ta cinye, faifan yana gudu fiye da kima a iska, kana ɗora shi ya ciji katako.

Ɗan Maraɗi:

Ni dai abin rage gudun nan ban damu da shi ba, nawa kullum a ƙarshe yake. Ƙura nake so a yi magana a kai. Hudojin samfefa ba ado ba ne, ta nan injin ke zuƙe ƙura zuwa jakarsa. Na ga masu yanka samfefar yadi su manna da gam, sun toshe hudojin, ƙura ta taru a ƙasa, samfefa ta cushe, faifai ya yi zafi. Ka daidaita huda da huda, ka zazzage jaka kafin ta cika. Kuma ka sa takunkumi na gaske, kai da yaranka, musamman a kan katakon iroko da MDF, wato allon da ake haɗawa da garin katako da gam. Na yi wata guda ina tari da daddare bayan wani aikin iroko. Tun 1995 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo kansar hanci.

Sabo Kafinta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba na Amurkan, 120V ne, na fasa. Baba, saura abu ɗaya: tunda Ɗan Maraɗi ya ce bai amfani da abin rage gudu, in sayi marar shi in rage kuɗi?

Baba Na'ibawa:

A'a ɗana, a nan na saɓa da shi. Shi wataƙila katako zalla yake aiki. Kai ka ce wadirof da ƙofofi, wato filawud. Fatar saman filawud ba ta kai milimita ɗaya ba, da cikakken gudu da lamba 80 kafin ka ankara ka huda ta, kuma ba ta gyaruwa. A kan filawud ka fara da 150 ko 180, ka rage gudu. Haka in za ka goge tsakanin shafin farko da na biyu na banish, gudu mai yawa yana ɗumama shi ya dunƙule a samfefa. Ka cika kuɗin ka sayi mai shi. Guntun katakon nan naku na hannu kuma kada ku jefar, zagayayyen faifai ba ya shiga lungun durowa.