Muhawara: Ranar Yara ta 27 ga Mayu, wa take amfana?

Malam Habibu: Salamu alaikum jama'a. Yau da safe hedimasta ya tara mu ya ce a fara fitar da yara atisayen maci, 27 ga Mayu ta matso. Ni dai zan faɗi abin da ke raina, mai jin haushi ya ji: wannan Ranar Yara ba ta tsinana wa ɗan talaka komai. Tun 1964 ake yin ta a Najeriya, shekara sittin da ɗoriya ke nan. Mako biyu za mu yi ba karatu, sai hagu-dama a cikin rana. Wace riba aka ci?

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Haba Malam, da zafi haka tun da safe? Ni har gobe ina tuna macin da na yi ina aji biyar. Mahaifiyata ta kwana tana goge min yunifom da dutsen guga na gawayi, na shafe kambas ɗina da farin alli har yana ƙura in na taka. Ranar ce kaɗai a shekara da nake jin gari ya tsaya yana kallona. Wannan ba komai ba ne a wurinka?

Malam Habibu: Hajiya, ke aka zaɓa shi ya sa. Ki tambaye ni yadda ake zaɓen. A ajina yara sun haura 90, ana ɗaukar goma. Ba a duba wanda ya iya taku, ana duba mai sabon yunifom da farar safa da takalmi. Bara akwai wani yaro, duk makarantar ba wanda ya kai shi iya maci, shi ke gyara wa sauran ƙafa. Ana gobe biki aka cire shi don wandonsa ya koɗe, silifas ɗinsa kuma an ɗaure da waya. Ni aka sa na gaya masa. Bai yi kuka ba, ya ce "to Malam" kawai, ya juya. Da ma kukan ya yi da ya fi min sauƙi.

Auwalu Tela: Gaskiya ni ranar tana amfana ta, ɗinkin yunifom har dare 😂

Barista Nafi'u: Malam Habibu, abin da ka faɗa ya taɓa ni, amma ka haɗa abu biyu. Laifin masu shirya biki daban, amfanin ranar daban. A 1954 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba ƙasashe shawarar kowace ta ware wa yara rana. Ita ta Majalisar 20 ga Nuwamba ce, ranar da aka amince da sanarwar haƙƙin yara a 1959, kuma ranar da aka zartar da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1989. Daga wannan yarjejeniya muka samu Dokar Haƙƙin Yara ta 2003. Irin waɗannan ranaku ne ake samun bakin tambayar gwamna: ina aka kwana? In babu ranar, yaushe ɗan jarida zai tuna?

Malam Habibu: Barista, dokar 2003 ɗin shekara nawa ta ɗauka kafin ta iso mu? Kano sai 2023 aka sa hannu a kan tata dokar kare yara. Wanda aka haifa shekarar da aka yi ta tarayya har ya isa aure.

Barista Nafi'u: Ai akwai dalili. Maganar yara hurumin jihohi ce, sai kowace majalisar jiha ta yi tata. Kuma a Arewa an daɗe ana ja-in-ja a kan shekarun aure da batun ɗaukar ɗa riƙo, sai da aka zauna da malamai aka daidaita da Shari'a. An makara, ban musa ba. Amma matsin lambar da ya sa aka yi, wani ɓangarensa daga irin surutun ranakun nan ne.

Alaramma Isiyaku: Ku yi haƙuri in sa baki. Ni almajirai 40 ne a gabana. Ban taɓa ganin takardar gayyata ba. Abin da na sani, a ranar, yarana suna zuwa bakin fili su leƙa ta katanga, in an watse su tsinci ragowar shinkafa a roba. Ana jawabi a kansu a ciki, su suna waje ɗan sanda na kora su da bulala. Zamanin Jonathan an gina makarantun tsangaya na zamani sama da 150, ku zagaya ku ga halin da da yawansu ke ciki. A 2023 kuma aka kafa hukuma ta ƙasa ta almajirai da yaran da ba sa makaranta. Muna nan muna jira.

Hajiya Binta: Allah ya gafarta Malam, wannan gaskiya ce mai ɗaci. Amma iyayen da suka turo yaro ɗan shekara shida daga ƙauye ba ko kwanon masara fa? Su ma gwamnati ce?

Alaramma Isiyaku: Hajiya, ba na kare su. Wanda ya haifa shi Allah zai fara tambaya. Amma ba iyaye ne suka ce sun ware rana ba.

Sadiya: Ni tambayata ita ce adadin. Kullum a ce yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta, wani ya ce miliyan 20. Wanne ne?

Barista Nafi'u: Duka biyun ana faɗa, ƙanwata. Miliyan 10.5 na UNICEF ne, asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, na yara 'yan shekara 5 zuwa 14. Kusan miliyan 20 kuma UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar, ta fitar a 2022, ita ta haɗa har da 'yan sakandare. Kowanne kika ɗauka, mafi yawansu a Arewa suke. Abin takaicin ma, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole. An ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, sharaɗin kawai jiha ta kawo nata kason ta karɓa. Jihohi da dama kan bar kuɗin a ajiye shekara da shekaru.

Malam Habibu: Ka ga ka dawo hanyata. Kuɗin gina aji na kwance, amma na hayar rumfa da kujerun manyan baƙi ba ya makara.

Mushe Laminu (Maraɗi): Ina gaida ku 'yan uwa. Mu nan Nijar wadda muka fi sani ita ce 16 ga Yuni, Ranar Yaron Afirka. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta tsayar da ita a 1991 don tunawa da ɗaliban Soweto a Afirka ta Kudu, waɗanda suka fito a 1976 suna ƙin a tilasta masu karatu da harshen Afirkans, 'yan sanda suka buɗe masu wuta. Kun ga asalinta ba rawa ba ce, yara ne suka fito da kukansu. Amma mu ma yanzu 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, ake jerawa su yi waƙa, manya su yi jawabi, a watse.

Sadiya: Wannan ita ce maganar. Mu ma muna da abin tunawa. Sace ɗalibai a Chibok 2014, 'yan mata 276. Dapchi 2018. Ƙanƙara 2020, Jangebe 2021, Kuriga 2024. Ga yaran Zamfara da gubar dalma ta kashe a 2010, wajen 400. Me ya hana ranar 27 ga Mayu a karanto sunayen garuruwan nan, a yi shiru na minti ɗaya, sannan kwamishina ya tashi ya faɗi makarantu nawa aka yi wa katanga bana?

Auwalu Tela: Wane kwamishina ne zai zo wurin da za a titsiye shi? Wakilin wakili zai turo.

Hajiya Binta: To ni dai ban yarda a soke ba. Don an yi abu ba daidai ba, ba a cewa a daina, gyarawa ake yi. Yaro ma yana da haƙƙin farin ciki, ba kullum lissafin masifa ba. Ɗan talakan da kuke magana, in an soke macin me ya ƙaru da shi? Sai dai a raba shi da ɗan kallon da yake samu.

Malam Habibu: Ban ce a soke farin ciki ba, Hajiya. Bara mun isa fili ƙarfe takwas, babban baƙo bai zo ba sai sha biyu saura, a zafin Mayu. Yarinya biyu suka faɗi, da kuɗin aljihuna na saya masu ruwan leda. Kin san wa ta sayar min? Wata yarinya da ba ta wuce shekara takwas ba, bokiti a ka, tana bin layin 'yan maci tana talla. Da ta miƙo min canji sai ta ce, "Malam, su waɗannan me suka yi aka ba su hula?"

Hajiya Binta: Innalillahi. Ka san gidansu?

Malam Habibu: Bayan makarantarmu suke, kullum ina ganin ta a bakin ƙofa lokacin tara. Uwar ce ke ɗora mata, uban ya rasu.

Hajiya Binta: To ka yi wa uwar magana. Abin da tallan ke kawo mata ni zan riƙa ba ta duk wata. Auwalu, yunifom biyu da hijabi, nawa?

Auwalu Tela: Ki kawo yadi kawai Hajiya, ɗinki na ɗauka.

Barista Nafi'u: Malam Habibu, ka lura dai Ranar Yaran da ka ce ba ta da amfani ita ta jawo zancen nan.

Malam Habibu: Yarinya ɗaya cikin miliyan goma, Barista, kada ka yi saurin cin nasara. Hajiya, zan je gidan bayan la'asar. In uwar ta yarda a kawo ta Litinin, ni zan sa sunanta a rajista. Amma ki haɗa mata da 'yar tabarma ko buhu, benci shida ne a ajin kuma duk da masu su.