Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa: ta dace da ƙarshen littafin nan?

Ɗan Zazzau: Salamu alaikum jama'a. Duk wanda bai karanta The Murder of Roger Ackroyd na Agatha Christie ba kuma yana da niyya to ya tsaya a nan don zan fasa ƙwai. Littafin tun 1926 ya fito. An caka ma wani attajiri Ackroyd wuƙa a ɗakin karatunsa a wani ƙauyen Ingila, kowa ya sa ido kan agolansa Ralph Paton tunda bashi ya masa katutu kuma a daren ya ɓace, ƙarshe ashe Dokta Sheppard ne, likitan da ke ba mu labarin da bakinsa, wanda yake biye da jami'in bincike Poirot ko'ina ya sa ƙafa. Ni na ce ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa, abokina ya ce karin maganar bata zauna a nan ba. Masana ku raba mana gardama.

Maman Walida: Wa alaikumus salam. Ta zauna daram. Maƙera Ralph ne da Parker mai hidimar gidan, masaƙa likita. Amma wallahi ni ƙarshen nan haushi ya bani, mutum ya riƙo hannunka tun shafin farko yana faɗa maka komai kamar ɗan uwanka kana yarda da shi sannan a ce shi ne makashin, ai wannan cin amanar mai karatu ne ba gwaninta ba.

Baba Malami: Ku bari mu fara da ita kanta maganar. Maƙera gidan wuta ce, ga gawayi ga zugazugi ga tartsatsi daga safe har yamma, kowa a unguwa in ya ji ihun gobara can zai fara dubawa. Masaƙa kuwa zare ne da allira da ƙoshiya, ba a hura wuta a wurin. To Bahaushe yana faɗinta ne in masifa ta ɓullo ta inda ba a tsare ba. Misali gida mai yara biyu, ɗaya fitinanne kullum ana masa faɗa, ɗayan shiru-shiru ba ruwansa, sai a wayi gari mai shirun ne ya jawo abin kunya. A kan wannan, Ɗan Zazzau bai kauce ba.

Bakatsine: Baba ni fa ina jin ana faɗinta ko a ƙwallo, in ƙaramin kulob ya doke babba, ko a zaɓe.

Baba Malami: Ana faɗi ɗana, baki ya saba. Amma wutar da ke cikinta gobara ce, ba ta girki ba, shi ya sa tafi zama a inda aka yi asara.

'Yar Damagaram: Baba a gafarce ni zan ɗan saɓa. A karin maganar wutar da kanta ta tashi, babu wanda ya juya ma mutane kai. A littafin kuwa da gangan aka yi, likitan ne ya ɓoye Ralph a gidan jinya don zargi ya ƙara danne shi, shi ne ya saita na'urar ɗaukar murya ta yi magana da muryar Ackroyd ƙarfe 9:30 bayan mutumin ya riga ya mutu, har kiran waya ya shirya a yi masa daga tashar jirgin ƙasa don ya samu hujjar komawa gidan. Wannan ai ba tashin wuta bane, cinnawa ce. Ni da "da ɗan gari akan ci gari" zan ce.

Ɗan Zazzau: Yaya wannan kuma ina ga bata hau ba. Da ɗan gari akan ci gari sai akwai baƙo a waje da na ciki ya buɗe ma ƙofa. Sheppard wa ya buɗe ma? Don kansa ya yi, shi ke tatsar kuɗi wajen Misis Ferrars, matar da Ackroyd ke son aura, saboda ya san ita ta ba mijinta guba, da ta gaji ta kashe kanta ta bar ma Ackroyd wasiƙa da sunan mai tatsarta a ciki. Wasiƙar ce ta ja ma Ackroyd ajali.

'Yar Damagaram: Na yarda babu baƙo, amma batun cinnawa na nan ban janye ba.

Malam Na Gwale: Ni abin da nake so ku duba shi ne me ke cikin masaƙa. Auduga ce fa da busasshen zare da itace, in akwai inda tartsatsi ɗaya zai cinye ƙurmus to nan ne, maƙeri kuwa ya san wutarsa, kullum idonsa na kanta. Wato karin maganar bata ce wuta ta tashi babu dalili ba, masu zaton take ma magana, su da suka tattara hankalinsu wuri ɗaya. Hajiya Maman Walida ki koma babin da likitan ya bar ɗakin Ackroyd. Ya faɗa mana an kawo wasiƙar tara saura minti 20, ya fita tara saura minti 10, ya tsaya bakin ƙofa ya waiwaya yana tunanin ko akwai abin da ya bari bai yi ba. Minti 10 ɗin nan bai ce ga abin da ya faru a cikinsu ba, mu kuma bamu tambaya ba. Ga kujerar da Parker ya lura an jawo ta daga jikin bango, ita ce ta kare teburin da na'urar ke kai. Ga shi kuma shi ne na ƙarshe da aka tabbatar ya zauna da mamacin. Audugar tana nan jibge tun farko, rashin sani ne ya sa kaza ta kwana kan dami.

Maman Walida: Malam ai ɓoye gaskiya ƙanwar ƙarya ce. Kuma ba ni kaɗai ba, tun lokacin da ya fito akwai masu karatu da suka ce an yi masu maguɗi.

Malam Na Gwale: Haka ne Hajiya, har ma a 1929 wani marubuci kuma limamin coci Ronald Knox ya jera dokoki 10 na rubuta irin wannan labari, ta farko ta ce mai laifi kada ya zama wanda aka bar mai karatu ya bi tunaninsa. Amma a 2013 ƙungiyar marubutan labaran laifi ta Birtaniya ta yi ƙuri'a, wannan littafin suka zaɓa a matsayin wanda yafi kowanne. Gardamar da muke yi ta girme mu duka.

Bakatsine: Wani Bafaranshe ma Pierre Bayard littafi guda ya rubuta a 1998 yana cewa Poirot ne ya yi kuskure, wai Caroline yayar likitan ce ta yi kisan shi kuma ya ɗauki laifin don ya rufa mata asiri. In haka ne kenan bayan masaƙar ma akwai wata masaƙar.

Baba Malami: Wannan ra'ayinsa ne, marubuciyar dai likita ta ba laifin. 'Yata ta Damagaram, maganarki ta cinnawa tana da ƙarfi, sai dai mai faɗin karin maganar ba ya tambayar wa ya kunna, abin da yake faɗi shi ne ba nan muke kallo ba. Ko an cinna ko ta tashi da kanta, mai kallon maƙera bai gani ba.

Maman Walida: To Baba na bar muku karin maganar, ta zauna. Amma abin da har yanzu ya tsaya min a rai ba ita bace. Poirot ya gano mai laifi, maimakon ya miƙa shi hannun hukuma a daren sai ya bashi zuwa safiya yana nuna masa wai akwai hanya mai sauƙi, ya sha maganin barci ya mutu don kada Caroline ta ji kunya a ƙauye. Rai fa, ko na mai laifi ne ba Poirot ke da shi ba. Kuma ita Caroline da ta san sirrin kowane gida a garin, ƙanenta na cikin gida ɗaya da ita bata sani ba, wa zai zauna da ita in gari ya waye?