Neman shawara: an tambaye ni asalin sunanmu Wangara, na rasa amsa

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Aure nake nema a cikin birnin Kano, magana ta yi nisa, har an sa ranar kai kuɗin gaisuwa. Sai baffan yarinyar ya aiko wai a faɗa musu mu 'yan wane gida ne, tunda Wangara nake amsawa. Mahaifina ya rasu ina aji uku a firamare, shi ma sunan ne a takardunsa. Gwaggona ta ce kakanmu fataken goro ne, daga Gwanja ya dawo da mata biyu da jakuna, ɗaya matar ko Hausa ba ta ji sosai, ita ce mai yi musu tuwon rogo. Baffana kuma ya rantse daga unguwar Madabo ta cikin birnin Kano muke. Su biyun ba sa magana tun rabon gado. Me zan ce wa mutanen nan?

Malam Na'ibi: Ɗana, kwantar da hankalinka, gidan ilimi ka fito. Wangarawa daga Mali suka zo Kano ƙarƙashin Shehu Abdurrahman Zaiti, zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki 1349 zuwa 1385. Su suka riƙe limanci da ladanci da yanka. Unguwannin Madabo, Zaitawa, Mandawari, duk sawunsu ne. Ka je ka faɗa da ƙarfinka.

Abban Zongo: Malam, a yi haƙuri. Mu nan Kumasi duk ɗan kasuwar da yake jin yaren Jula, Wangara ake ce masa. Bayan yaƙin da aka yi a 1892 a Salaga, garin kasuwar goro na ƙasar Gwanja, fatake sun watse zuwa Kete Krachi da Kumasi, an yi auratayya sosai. Wa ya sani ko ta wajen kakar nan sunan ya shigo, ko laƙabi ne abokan tafiya suka liƙa wa tsohon?

Malam Na'ibi: Suna ba ya bin mace. Maganar baffansa ita ce daidai.

Maman Ummi: Hmm, asali! Ni dangin mijina sai da suka bi har ƙauyen kakata suna tambayar ko muna da wanzanci a gida. Shekara nawa yanzu, uwar mijin ba ta daina gori ba. Ƙanina, in da irin wannan suka fara, ka yi tunani tun da wuri.

Sadiq: Ni dai zamanin Sarki Rumfa na ji wasu malaman tarihi na cewa Zaiti ya zo, wato bayan 1463. Ka yi gwajin DNA kawai ka huta.

Malam Na'ibi: Yawu a kwalba ne zai faɗa maka unguwarku? Yaro, karatun waya daban, na zaure daban.

Mai tambaya: Yaya Maman Ummi, mutanen kirki ne wallahi, haƙƙinsu ne su bincika. DNA kuma ba ni da kuɗinsa.

Hajiya Babba: Ɗan nan, sayi goro da turare ka je Madabo wajen mai unguwa da dattawan masallaci bayan la'asar. Ka ambaci sunan kakanka na yanka da na ubansa. In gidan na nan, za a sani. Kuma ka zaunar da gwaggonka ka ɗauki muryarta tun tana da rai.

Mai tambaya: Hajiya, sunan uban kakan ne ban sani ba, kuma in na je wajen gwaggo baffa zai ce na zaɓi ɓangare. Shi ne waliyyina. Na riga na ce wa yarinyar Madabo ne, don shi ya fi saurin faɗa.

Abban Zongo: To in suka je suka tambaya fa?

Malam Na'ibi: Su je mana. Na gaya muku can ne.

Mai tambaya: Asabar ce ranar. Akwai ɗan Madabo a nan ya yi min magana ta akwatin saƙo?