Abin da dattawa suka ce game da kalmar fasadi

A wata hira da aka yi bayan sallar isha'i a wani ƙauye kusa da Ringim, malamin tsangaya ya bayyana cewa "fasadi" aro ce daga Larabci, kuma asalinta lalacewar abu ne, kamar yadda nono ko nama ke ɓaci, kishiyarta kuwa gyara. Ya ja hankalinmu ga aya ta 41 a Suratur Rum, inda aka ce fasadi ya bayyana a tudu da teku.

Shawarar da ta fi kama ni ita ce a daina taƙaita kalmar ga zina kaɗai, domin mai tauye mudu a kasuwa, da mai cin iyakar gonar maƙwabcinsa, da mai ƙara wa nono ruwa, duk ɓarna suke yi, ko da suna sahun farko a masallaci.

Wani dattijo ya ce, "Allah gafarta malam, fasiƙi fa?" Malam ya ce tushenta daban ne, fita daga ɗa'ar Allah take nufi, kuma ya gargaɗe mu kada mu jefi kowa da ita ba tare da hujja ba.