Sun ce sai da ƙwaya murya take buɗewa, don Allah ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ni matashi ne a Gusau, shekarata 24. Da rana gyaran waya nake yi a kasuwa, da dare kuma waƙa, ta biki da ta soyayya. Shekara uku ke nan ina shiga situdiyo. Tun farko matsalata tsoro ce. A ɗakinmu, ni kaɗai, muryata lafiya lau. Amma da na tsaya gaban makirfo, mai kiɗa ya ɗaga mini hannu, sai maƙogwaro ya bushe, gwiwa ta kama rawa. Baiti ɗaya sai mu maimaita sau goma, ga masu jiran layi a waje.

Bayan ƙaramar sallah wani abokin sana'a ya jefa mini rabin tiramol a cikin lemon kwalba, ya ce in sha in gani. A daren nan na rera waƙar wata amarya daga farko har ƙarshe ban tsaya ba. Waƙar ta zagaya TikTok, aka fara kirana biki har Talata Mafara da Ƙaura Namoda. Yau wata biyar. Rabi ya zama ɗaya, ɗaya ta zama biyu, wani lokaci har da wiwi in zan rubuta baiti. Abokaina suna cewa haka duk manya suka yi, su Bob Marley, su Fela, har Shata. Wai basira a kulle take, sai an yi caji take fitowa.

Tambayata: gaskiya ne shaye-shaye yana gyara waƙa? In na daina, waƙar za ta gudu ta bar ni? Mahaifiyata ba ta sani ba, ita ke yi mini addu'a duk sanda zan fita wasa, kuma wallahi abin yana cin raina.

Baban Walida, mai situdiyo a Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in faɗa maka abin da ba a faɗa muku, don mu ne muke kwana da muryoyinku bayan kun tafi gida. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar murya. Ko ban ga idon mawaƙi ba, da na buɗe muryarsa a kwamfuta na san ko a buge ya yi. Yana jan ƙafa a bayan kiɗa, kiɗa ya wuce yana biye. Yana haɗiye ƙarshen kalma. Bakinsa a bushe yake, har ƙarar mannewar harshe kana ji tsakanin kalmomi. Numfashinsa gajere ne, inda ya kamata ya ja murya sai ya yanke. Shi kuwa ya fito daga ɗakin yana murna, wai yau ya kashe waƙa. Ni ne zan zauna har asuba ina yanka, ina matso da kowace gaɓa kan kiɗa, ina ɗora Auto-Tune, manhajar da ke daidaita murya. Waƙa ta fita da kyau, a ce ƙwaya ce ta yi.

Ƙwayar kunnenka take canzawa, ba muryarka ba. Mai tace waƙa da ke cikin kanka, wanda ke ce maka “nan bai zauna ba, sake”, shi take sa wa barci. Ba sai ka yarda da ni ba. Koma wurin wanda ya ɗauki waƙar amaryar nan, ka ce ya kunna maka muryarka tsura, ba kiɗa, ba gyara. Ka saurara da safe bayan ka karya, kanka a sake. Sai ka dawo ka ba mu labari.

Maman Sudais:
Allah sarki. Allah Ya shirya mana zuri'a. Ɗana, tunda har abin yana damunka, zuciyarka da sauran rai. Manzon Allah (SAW) ya ce duk abin da ke sa maye haramun ne, bai ware na mawaƙi ba. Ka yawaita istigfari, kuma ka rabu da wanda ya fara miƙa maka. Wannan ba aboki ba ne.

Dattijo daga Maradun:
Yaro, jikana ne ya karanta mini saƙonka, shi ne kuma ke rubuta wanga. Na yi amshi shekara ashirin da wani abu bayan wani makaɗin kotso, Allah Ya jiƙan shi. Kai ɗan Zamfara ne, ƙasar Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi, ga Narambaɗa can Tubali, ga su Ɗandawo Yawuri. Mi ya kai ka neman basira cikin kwalbar lemo?

Bari in gaya maka yadda muke ɗinka waƙa. Maigida zai zo da gindin waƙa, layi biyu ko ukku. Bayan isha'i mu shimfiɗa tabarma bayan gida, mu yi ta juya shi. Ya kawo ɗa, watau baiti, mu karɓa, wani ya ƙara kalma, a ce ba ta hau kiɗi ba, a zubar. Waƙa guda sai ta ci muna sati biyu kafin a kai ta ƙofar fada. Ba takarda, ba na'ura, duk a ka. Kuma gaban sarki babu “a sake”. Ka san sunan kakan basarake, ka san wa ya gada, ka san wanda za a yi wa zambo ba tare da an kama suna ba. Wanda kanshi ya yi nauyi ba ya iya wanga aiki. Mun taɓa samun ɗan amshi mai murya kamar sarewa, ya fara shaye-shaye, ya riƙa shigowa kafin maigida ya dire. Sau biyu aka yi mai magana, na ukku aka sallame shi.

Batun Shata kuwa, Allah Ya gafarta mai, bai ɓoye abin da yake sha ba. To amma mutum nawa suka sha abin da ya sha a ƙasar Hausa? Cikinsu nawa suka zama Shata? Baiwa ce Allah Ya ba shi, ya kuma yi mata bauta shekaru da dama, har ya rasu a 1999.

Tsoron da kake ji, kowa ya ji shi. Ranar da na fara tsayawa gaban hakimi, riga ta jiƙe sharkaf. Maigida ya ce in riƙa kallon bakin kotso, in bar kallon rawani. Da haka ya tafi.

Wani ɗan uwa (shi ma ya sakaya suna):
Ni dai kada mu yi wa yaron nan ƙarya, don in muka ce ba ta yin komai zai ce ba mu san abin ba. Tana cire tsoro, wannan gaskiya ne. Na sha shekara huɗu ina kiɗan fiyano a bukukuwa tsakanin Jega da Argungu. Watannin farko ji nake ba wanda ya kai ni. Sai dai bashi take ba ka, kuma da ruwa take karɓa. Daga baya ba don in yi kiɗa mai daɗi nake sha ba, don in iya tashi daga katifa ne. Kuɗin wasa kafin in iso gida rabi ya tafi. Ƙarshenta a wani wurin kamu, ana tsakiyar liƙi, na yanke jiki na faɗi ina fizge-fizge, na ciji harshena, mata suka watse suna cewa aljanu ne. Ba aljanu ba ne, ƙwaya huɗu na sha a ranar. Wata bakwai ba wanda ya kira ni aiki. Yanzu shekara biyu da na daina, alhamdu lillahi. Kiɗa bai gudu ba. Wata biyun farko ne na ji komai salam, kamar miya ba gishiri, daga nan kunne ya dawo.

Malam, mai koyarwa a Gusau:
Tunda abokanka sun tsallaka teku neman hujja, bari mu bi su can. A Amurka an yi wani mabushin algaitar Turawa, saksofon, mai suna Charlie Parker, wanda ya sauya kiɗan jaz gaba ɗaya. Yana shan hodar heroin, kuma samari da yawa suka faɗa shanta don su yi busa irin tasa, daidai abin da ake gaya maka yau. Abin da suka manta shi ne, da bakinsa ya faɗa cewa ya yi shekaru uku zuwa huɗu yana gwaji awa 11 zuwa 15 kullum. A 1946 an taɓa ɗaukar busarsa sai da aka tallafe shi a gaban makirfo don ba ya iya tsayuwa, daga nan aka kwantar da shi asibitin ƙwaƙwalwa wata shida. Ya mutu a 1955 yana da shekara 34, likitan da ya duba gawar ya ɗauka mutum ne mai shekara 50 zuwa 60.

Ga kuma John Coltrane, shi ma mabushin saksofon ne. A 1957 maigidansa Miles Davis ya kore shi daga ƙungiya saboda shaye-shaye. A shekarar ya daina, kuma ayyukan da duniya ke tuna shi da su bayan nan ya yi su. Mawaƙa Jimi Hendrix da Janis Joplin duk sun mutu a 1970 suna da shekara 27, Amy Winehouse ma 27 a 2011, giya ce ta kashe ta. Prince a 2016, maganin kashe zafi ne, dangin wanda kake sha amma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Su Fela da Bob Marley da ake kafa hujja da su, an san su da tsananin gwaji da makaɗansu, amma wannan ɓangaren ba wanda yake son kwaikwaya.

Kan wiwi kuma, an wallafa wani bincike a 2022 inda aka sa masu sha su kawo sababbin dabaru, wasu a buge, wasu garau, sannan aka ba wasu mutane daban su auna. Masu aunawa ba su ga fifiko ba. Waɗanda suka sha ne kawai suka riƙa ganin dabarunsu sun fi kyau. Ka ga maganar Baban Walida ke nan.

Anti, ma'aikaciyar jinya:
Ƙanena, ni ta fannin lafiya zan yi magana, don na ga ana ta cewa ka daina, ba a faɗa maka yaya ba. Tiramol dangin kodin ne, jiki yana sabawa da shi, shi ya sa rabi ya daina isarka. Wanda hukuma ta amince da shi a asibiti mai miligiram 50 ne da 100, na bayan fage kuwa har 225 ake samu, kuma ba ka da tabbacin abin da ke ciki. Faɗuwar da ɗan uwan can ya ba da labari sananniya ce, yawansa yana jawo farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba. Haɗa shi da kodin ko roci (ƙwayar sa barci) ko giya na iya tsayar da numfashi cikin barci. Hayaƙin wiwi kuma yana busar da maƙogwaro, yana kumbura jijiyoyin murya, jarinka ke nan.

Bayan wata biyar kana sha, in ka yanke rana ɗaya za ka ji ciwon gaɓoɓi, zufa, hamma, gudawa, rashin barci da faɗuwar gaba. Da yawa a nan suke komawa, su ce ba za su iya ba. Kada ka yi shi kai kaɗai. Je ka ga likita a babban asibiti nan Gusau, ka faɗi gaskiyar adadin da kake sha, zai tsara maka yadda za a rage. In abin ya fi haka, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato, suna karɓar masu wannan matsala, zuwa can ba hauka ba ne. Hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara, ba kame kaɗai take yi ba. Kuma kada kunya ta hana ka. Binciken da aka yi a 2018 da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, a shekarar ce ma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Likita ya ga irinka da yawa. Shi tsoron makirfon ma ka faɗa masa, ana koyar da dabarun numfashi dominsa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yaya Baban Walida, na je jiya da hantsi, na sa mai situdiyon ya kunna mini muryar tsura. Ban iya ji har ƙarshe ba. A baiti na uku sunan ango ma ban faɗa daidai ba, ashe daga wani wuri ya yanko ya liƙa. Ya ce kwana biyu ya yi yana gyaranta, bai faɗa mini ba don kada in ji kunya. Anti, ranar Litinin zan je asibiti in sha Allah, yayana zai raka ni, shi na fara faɗa wa. Abin da ya rage, ina da wasan biki ranar Asabar a Tsafe, na riga na karɓi kafin alƙalami, kuma ban san yadda zan tsaya ba.

Anti, ma'aikaciyar jinya:
To kada ka jira Litinin, ka je gobe, ka faɗa wa likitan batun Asabar ɗin don ya san yadda zai tsara maka.

Baban Walida:
Daga yau zuwa Juma'a ka tara 'yan amshinka kullum bayan isha'i, ku bi waƙoƙin a tsaye, da makirfo a hannu, ka kira yaran unguwa su zauna su zuba maka ido. Ranar wasa ka fara da wadda ka fi haddacewa, ka bar 'yan amshi su buɗe, kai ka shigo a baiti na biyu. Ka riƙe ruwan ɗumi kusa, kada ka karɓi lemo a buɗe daga hannun kowa. Yayanka ya tsaya inda za ka riƙa ganinsa.